Shakuntala, matar da mijinta ya ce bai san ta ba

Hatsi ya shiga rumbu, aiki ya yi sauƙi, lokacin hira ya zo. A wannan wata ina so in ba ku labarin wata mace ta ƙasar Indiya, sunanta Shakuntala. Ba ta cikin matan da suka taɓa rayuwa kamar ni da ku. Mace ce ta cikin wasan kwaikwayo, abin da waɗansunmu ke ce ma teyatur. Amma tun da na karanta labarinta ban daina tunaninta ba, kuma na san in kun ji za ku ce kun san irinta a garinku.

Wanda ya rubuta wasan sunanshi Kalidasa, babban mawaƙi ne na Indiya. Masana da yawa suna cewa ya yi zamani wajen shekara 1,600 da suka wuce. Wasan kashi 7 ne. A shekara ta 1789 wani alƙali Bature mai suna William Jones, wanda ke aiki a birnin Kalkata, ya juya shi cikin Ingilishi. A 1791 aka juya shi cikin Jamusanci, a 1830 kuma ya hito da Faransanci a hannun wani malami mai suna Chézy. Indiyawa sun yi silima da shi a 1943. Har yau ana yin shi a dandali. Mutanen cikin labarin suna da addininsu da al'adarsu daban da namu, ku riƙe wannan a zuci kahin mu shiga.

Shakuntala tsintacciya ce. Ubanta wani mai ibada ne, uwarta kuwa mace ce ta sama, irin waɗanda suke cikin labarun addininsu. Da aka haihe ta sai uwar ta aje ta cikin daji ta yi tahiyarta. Tsuntsaye suka yi mata inuwa. Daga sunan tsuntsu a harshensu ne aka samo sunanta. Wani tsoho mai suna Kanwa ya tsince ta. Kanwa sunanshi ne, kada makiyaya su zaci wadda ake ba dabbobi ce. Shi ne shugaban wani zango na masu ibada a bakin gulbi, wuri mai kama da tsangaya. Ya rene ta kamar ɗiyar cikinshi. Aikinta ban ruwan itatuwa da kula da barewa. An ce ba ta shan ruwa sai itatuwanta sun sha. Akwai wata ƴar barewa da uwarta ta mutu, ita ta rene ta da hannu, har ta shafa mata mai a baki ranar da kaihin ciyawa ya yanke ta. Duk wanda ya taɓa renon maraƙin da uwarshi ta mutu ya san irin shaƙuwar da ke shiga tsakani.

Ran nan sarki Dushiyanta ya hito farauta cikin keken doki, ya biyo wata barewa har bakin zangon. Masu ibada suka tsaida shi, suka ce wannan ta gida ce, ba a harbinta. Ya aje baka ya shiga. Tsoho Kanwa ba ya nan, ya tahi ziyara. Sarki ya laɓe bayan itace shina kallon ƴan mata uku suna ban ruwa. Ƙudan zuma ya dami Shakuntala, ta yi kuka a cece ta, sai sarki ya hito. Ku lura da wani abu a nan. Da suka tambaye shi ko shi wane ne, bai ce shi ne sarki ba. Ya ce shi ma'aikacin sarki ne. Wato tun ranar farko shi ne ya fara ɓoye kanshi. Za mu koma ma wannan magana.

So ya kama su duka biyu. Ita ta kasa ci, ta kasa barci. Ƙawayenta biyu suka ce ta rubuta mishi wasiƙa. Babu takarda, babu alƙalami. Sai ta ɗauki ganyen bado ta zana maganarta da farce. Ku da kuka fara karatu bana, kun ga amfanin hannu da ya iya rubutu.

Daga nan suka yi aure irin wanda dokarsu ta yarda ma sarakai da shi: namiji da mace su yarda da juna, shi ke nan. Babu waliyyi, babu goro, babu taron jama'a. Sarki ya kwana biyu, ya ce zai koma birni ya aiko a ɗauke ta. Ya sa mata zobenshi mai ɗauke da sunanshi. Ya ce kowace rana ta ƙirga harahi guda na sunan, kahin ta kai ƙarshe manzo zai iso. Ta ƙirga har ta ƙare, manzo bai zo ba.

Ga abin da ya faru. Wata rana tana zaune bakin bukka, hankalinta duk shina wajen mijinta, sai ga baƙo, wani tsoho mai saurin hushi, sunanshi Durwasa. Ya yi sallama, ba ta ji ba. Ba ta kawo ruwa ba, ba ta shimfiɗa tabarma ba. Sai ya yi mata baki. Ya ce wanda take tunani har ta manta da baƙo, shi ma zai manta da ita. Ita ko bakin ma ba ta ji ba. Ƙawayenta ne suka ji, aka bi tsohon da roƙo, ya sassauta. Ya ce in sarki ya ga abin shaida zai tuna. Suka ce ai da sauƙi, ga zobe. Suka shawarta kada su gaya mata, don kada hankalinta ya tashi. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba. Da ta san nauyin zoben da ta ɗaure shi a bakin zane, ko ta rataya shi a wuya. Tausayi ne ya sa suka ɓoye, amma ita ta biya.

Tsoho Kanwa ya komo ya iske ɗiyarshi da ciki. Bai yi faɗa ba. Ya sa albarka, ya ce a kai ta gidan mijinta. Kashi na 4 ke nan, kuma Indiyawa suna cewa ya hi kowane kashi daɗi. Ba wani abu ke faruwa cikinshi ba sai ban kwana. Tana bin itatuwa tana sallama da su. Ta rungumi wata itaciya mai yaɗo da take kira ƴar uwarta, ta bar amanarta ga ƙawayenta. Tana cikin tahiya sai ta ji ana jan zanenta ta baya. Ta waiwaya, ashe ƴar barewar nan ce. Tsohon da ya bar duniya ya kama ibada, ga shi murya ta shaƙe mishi, har shina mamakin kanshi. Ya yi mata gargaɗi irin wanda kowace amarya ke ji ranar kai ta ɗaki: ta girmama manya, ta zauna lahiya da kishiyoyi, ta yi haƙuri da miji. Da na kai wurin nan sai da na aje littahin. Ranar da aka kai yayata ɗaki, babanmu bai hito daga zaure ba har motar ta tashi, don kada a ga idonshi.

To, suka isa fada, ita da wata dattijuwa mai suna Gautami da almajirai biyu. Sarki na zaune cikin fadawa. Aka ce ga matarka mun kawo. Ya ce wace mata? Dattijuwa ta yaye mata lulluɓi don ya ga huskarta. Ya duba, ya ga kyakkyawa ce, amma bai tuna kome ba. Ya ce shi ba zai karɓi mace mai cikin da bai san na wane ne ba. Shakuntala ta ce bari in nuna maka zobe. Ta taɓa yatsa, wayam. Ya suɓuce a wani mashigin ruwa da suka tsaya a hanya.

Babu zobe, babu shaidu, sai bakinta. Ta tuna mishi wani ƙaramin abu da su biyu kaɗai suka sani. Wata rana shina riƙe da ruwa cikin ganyen bado, ƴar barewa ta zo, ya miƙa mata ta ƙi sha. Da Shakuntala ta karɓi ganyen sai ta sha. Shi kuma ya yi dariya ya ce ai su biyun ƴan daji ne, shi ya sa suka yarda da juna. Wannan ita ce hujjarta gaban fada. A wajena ta hi zobe, don ana satar zobe. Amma fada ba ta karɓar irin wannan hujja. Sarki ya ce mata dama haka suke da wayo tun daga haihuwa, ya kawo misalin tsuntsuwar da ke aje ƙwanta cikin sheƙar wata don a rena mata. Ku tuna wanda ke wannan magana shi ne mutumin da ya laɓe bayan itace, ya ce shi ba sarki ba ne. Nan yarinyar da ba ta taɓa ɗaga murya ba ta husata. Ta kamanta shi da rijiyar da ciyawa ta ruhe bakinta. Makiyayi ya san wannan zagi ba ƙarami ba ne.

Akwai wani abu kuma da ba a gani in an juya wasan cikin wani harshe. Kalidasa ya sa sarki da malamai suna magana da Sanskirit, harshen masu ilimi. Mata da talakawa kuwa suna magana da Parakirit, harshen gida da kasuwa. Suna jin juna sarai, amma kowa ya san wanda maganarshi ta hi nauyi. Duk wanda ya taɓa shiga biro da Hausa a bakinshi aka amsa mishi da Faransanci, ya san yadda ƙafar Shakuntala ke rawa a ranar.

Abin da ya hi ƙona mini rai ba maganar sarki ba ce. Shi dai an ce baki ne ya kama shi. Nata mutanen fa? Almajiran suka ce mun kawo ta, matarka ce, ka riƙe ko ka kora, suka juya. Ta bi su tana kuka. Ɗaya ya waiwayo ya daka mata tsawa. Ya ce in abin da sarki ya faɗa gaskiya ne, ubanta ba ya bukatarta. In kuwa ta san tana da gaskiya, to ta zauna gidan miji ko da a baiwa ne. Ku duba inda ta tsaya. Da sahe ita ɗiyar Kanwa ce kuma matar sarki. Kahin rana ta faɗi ba ta da gidan uba, ba ta da gidan miji, ga ciki. Malamin fada ya ce a bar ta gidanshi har ta haihu a ga irin ɗan. Suna hita ta ɗaga hannu ta roƙi ƙasa ta tsage ta haɗiye ta. Sai wani haske mai siffar mace ya sauko ya ɗauke ta. Uwar da ta yar da ita tana jaririya ce ta tuna da ita a ranar.

Mu a nan ba mu da uwa a sama. Ina da gwaggo, ƙanwar babana. Mijinta ya tahi bida Abijan bayan girbi, ya ce kahin shuka ya komo. Shekarar farko ya aiko da turmin atamfa da ƴan kuɗi. Daga nan shiru. Damina biyar ta yi tana noma gamanarta, tana ci da yara biyu. Ba ita ba bazawara, ba ita ba mai miji. In an yi biki ba ta san inda za ta zauna ba. Wani da ya komo daga can ya ce ya gan shi lahiya lau, har ya yi wani aure. Babu tsohon da ya yi mishi baki, babu zoben da ya faɗa ruwa. Abu guda ta hi Shakuntala da shi: an ɗaura aurenta gaban jama'a, an raba goro, gari duka shaida ne. Ba wanda ya isa ya ce mata ke wace ce. A shekara ta shida babana ya kai maganar gaban sarki da malamai, aka raba auren. Ta yi idda, ta auri wani, ta haihi uku. Waɗansu tsohin mata sun ce ba ta da haƙuri. Ni ina ganin damina biyar ta isa shaida.

Mu koma Indiya. Wani masunci ya kama kihi, ya tsaga cikinshi, sai ga zobe. Ya kai kasuwa zai sayar, dogarai suka kama shi suka ce ɓarawo ne. Har sun fara yi mishi zancen kisa. Aka kai zoben gaban sarki. Yana ganinshi sai kome ya komo mishi. Aka saki masunci, aka ba shi tukwici, su dogaran da suka gama dukanshi suka zama abokanshi, aka tahi shan giya da kuɗin. A wurin nan masu kallo ke dariya, kuma ba sai an yi muku bayanin dalili ba.

Sarki kuwa ya shiga nadama. Ya hana bikin bazara a birni duka. Ya zana hoton matar shina magana da shi kamar mahaukaci. Ana cikin haka aka kawo mishi wata shari'a. Wani attajiri ya nutse a teku, bai bar ɗa ba, doka ta ce dukiyar ta zama ta sarki. Ya ce a bincika ko cikin matanshi akwai mai ciki. Aka ce akwai. Ya ce to ɗan cikin ne magaji. Da faɗin haka sai ya tuna shi ma ba ya da ɗa, kuma da bakinshi ya kori mai ɗauke da nashi. Ya faɗi a some.

A nan zan gaya muku abin da nike ɗauka muhimmi. Kalidasa ba shi ya ƙago labarin ba. Ya samo shi cikin wani tsohon littahi nasu mai girma, Mahabarata. Cikin wancan babu tsoho mai baki, babu zobe, babu kihi. Can Shakuntala ta sa sharaɗi tun kahin ta yarda da auren, cewa ɗanta ne zai gaji sarauta. Ta haihu a daji, yaro ya yi wayo, ta riƙo hannunshi har fada. Sarki ya gane ta sarai, amma ya yi kamar bai sani ba. Ba ta roƙi ƙasa ta haɗiye ta ba. Ta tsaya ta wanke shi tas gaban fadawanshi, ta ce ko da shi ko ba shi yaron zai yi mulki, ta juya za ta tahi. Sai da murya ta zo daga sama ta ce ɗanshi ne, sannan ya karɓa. Ya ce dama tsoron maganar mutane ya ji. Wata malamar tarihi ta Indiya, Romila Thapar, ta rubuta littahi guda a 1999 a kan yadda labarin ya yi ta sakewa daga zamani zuwa zamani.

Me ya sa Kalidasa ya kawo baki da zobe? A ganina don ya wanke sarki ne. Mawaƙin da ke cin abinci a fada ba zai so ya nuna sarki maƙaryaci ba. Sai ya ɗauke laihin daga kan sarki ya ɗora shi kan yarinyar da ba ta ji sallamar baƙo ba. Wasan ya hi daɗi, ba musu. Amma tsohon labarin ya hi kama da abin da na gani da idona. Mijin gwaggona ya san hanyar gida.

Duk da haka ba zan ce Shakuntala ta Kalidasa raggo ce ba. Ku ji ƙarshen. Shekaru suka wuce. Sarki ya tahi wani yaƙi, a hanyar komowa ya sauka kan wani dutse inda masu ibada ke zaune. Ya ga wani yaro ya kama ɗan zaki shina buɗe bakinshi wai zai ƙirga haƙoranshi. Zuciyar sarki ta kwanta da yaron, bai san dalili ba. Layar yaron ta faɗi, sarki ya ɗauka. Matan da ke renonshi suka riƙe baki, don layar takan zama maciji ta sari duk wanda ya taɓa ta in ba uwa ko uba ba. Sai ga Shakuntala ta hito. Ta rame, tufahinta sun koɗe, kitso guda ne a kanta, alamar macen da ke rabe da mijinta. Duk shekarun nan ba ta kalli kowa ba, ko da yake ba wanda ya yi mata alkawalin zai zo. Wannan karon ita ce ta tsaya tana dubanshi, ba ta gane shi da farko ba, don nadama ta sake mishi kama. Sarkin da ya kore ta gaban jama'a ya faɗi a ƙafafunta. Yaro ya tambayi uwarshi ko wane ne wannan. Ba ta ce ubanka ne ba. Ta ce ya tambayi rabonshi.

A lokacin ba ta san zancen baki ba tukuna, shi ma sarkin bai sani ba. Sai daga baya babban mai ibada na wurin ya warware musu. Wato ta tada shi daga ƙasa tun tana zaton da gangan ya ƙi ta, ko kuwa wani laihinta ne na can baya ya biyo ta. Masu karatu da yawa suna jin haushin wannan sauƙin kai nata. Ni ma nakan ji. Amma sai in tuna tana da ɗa da ke bukatar sunan uba, a ƙasar da ba a ganin yaro da daraja in ba shi da shi. Yaron shi ne aka sa ma suna Barata. Bisa ga al'adarsu daga gare shi ƙasar ta samu sunanta, kuma tsarin mulkin Indiya na 1950 ya rubuta Barat tare da Indiya a matsayin sunan ƙasa.

Kahin su tashi ta hangi zoben a hannun sarki, ta gane shi. Ya ce shi ne ya komo mishi da hankali, ya nemi ta sake sa shi a yatsarta. Ta ƙi. Ta ce ba ta amince da shi ba, shi ya ci gaba da sawa. Sarki bai matsa mata ba. Suka yi sallama da mutanen dutsen, suka hau keken doki su uku suka nuhi birni, zoben shina hannun sarki.